Minilab, Raman ko HPLC: wace na'urar gwajin magani ta dace da Maradi?

Duk mai farmasi ko babban dilan magani a Maradi ya san ba kowane kwalin da ya tsallako daga Najeriya ta Ɗan Issa ne abin yarda ba. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, cikin magani goma ɗaya jabu ne ko kuma bai cika inganci ba. To wace na'ura za ka saya ka riƙa gwadawa? Dillali dai mafi tsada zai fara nuna maka.

Mafi sauƙin kuɗi shi ne Minilab, akwatin gwaji na asusun GPHF na Jamus. Za ka niƙa ƙwayar, ka narkar da ita, ka ɗiga a kan wani ɗan faranti mai farin shafi, kusa da ɗigon magani na asali. Ka tsoma gindin farantin a sinadari ya hau, sannan ka haska fitilar UV. Idan tabon ya tsaya inda na asali ya tsaya, da girma iri ɗaya, madalla. Idan babu tabo, gari aka cura maka. Ɗaukewar wuta ba ta hana shi aiki, kuma yana gwada sinadaran magani fiye da 100, har da na zazzaɓin cizon sauro. Amma ido ne alƙali, ƙaramin ragi ba zai fito ba, kuma samfuran asali suna da ranar ƙarewa.

Raman ta hannu, na'urar da ke gane magani ta hanyar haska shi da hasken leza, irin TruScan da hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta yi amfani da ita a Najeriya, tana karanta ƙwaya ta cikin leda ba tare da ka ɓare ba. Ga mai haɗa magani da ke karɓar buhunan hoda, tana da rana. Sai dai abin da aka ɗora mata kawai ta sani, tana rikicewa da ƙwayoyi masu launi da masu ƙarancin sinadari, kuma kuɗinta ya ninka na Minilab sau da yawa.

HPLC, babbar na'urar ɗakin gwaji da ke rarrabe sinadaran magani ta auna yawansu, ita ce kowa ke buri, don ita ce ke faɗa maka ko miligram 500 da aka rubuta a kwali da gaske 500 ne. Agilent, Shimadzu, Waters, duk suna da kyau, ba sunan kamfani ne zai wahalar da kai ba. Wuta ce. In kamfanin wuta NIGELEC ya ɗauke ana tsakiyar gwaji, aikin ya tashi a banza, sai a sake daga farko. Kenan kafin na'urar ta iso kana buƙatar batirin ajiyar wuta da mai daidaita ta. Ɗakin kuma sai da sanyi, don zafin Afrilu a nan yakan wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke shiga ko ta ina. Ruwan famfo ba ya yi, sai tataccen ruwa na musamman. Metanol da asetonitril, sinadaran da take aiki da su, daga waje ake odarsu. Ranar da famfon cikinta ya fara yoyo fa, wa zai gyara? Ko daga Yamai mai gyaran zai taso, fiye da kilomita 600 ne, kuma kai za ka biya mota da masauki.

A ganina, in ba kullum kake da samfurin gwaji ba, ka riƙe Minilab da ma'auni mai kyau, abin da ka yi shakka a kai ka aika LANSPEX, ɗakin gwajin magunguna na ƙasa, a Yamai. Mai haɗa maganin ruwa na yara kuwa, ya tuna Gambiya a 2022, inda gubar dietilen gilikol da ke cikin maganin ruwa ta kashe yara kusan 70. Tabbatar da wannan guba aikin wata na'urar ɗakin gwaji ce mai suna GC, don haka gilisirin da ya saya don haɗa maganin, wanda gubar kan iya gurɓatawa, ya kamata ya fara zuwa inda ake da ita.

In ka nace sai HPLC, musamman ta hannu ta biyu daga Turai, ka sa a rubuta cikin yarjejeniya wanda zai kafa ta, wanda zai koyar da ma'aikatanka, da ko lasisin manhajar yana cikin kuɗin. Ka tambayi farashin fitilar cikinta tun yanzu, domin bayan aikin awa kusan 2000 sai an canza ta.