Gargaɗi: mai "garantin ciki" da hayar mahaifa, allura take yi gwaji ya nuna layi biyu

Akwai wata mata da ke tallar kanta a Facebook da WhatsApp wai wakiliyar asibitin dashen ciki ce, wato inda ake haɗa ƙwan mace da maniyyi a ɗakin gwaji a mayar mahaifa. Kalamanta ke nan: "Ciki garanti, in bai shiga ba mu samo miki mai ɗaukar miki." Damfara ce tsagwaronta. Takardun wasu ma'aurata da ta wanke tas suna gabanmu, kuma abin da ya fi ƙona mana rai, mu masu aikin dashen ciki, da kalmominmu ta yi satar, sanye da farar riga irin tamu. Abin kunya ne wallahi.

Rabin kuɗin ta karɓa gaba. Rabi, tun ba a ɗebi jinin kowa ba. Sai rubu'i ranar da ta ajiye tsinken gwaji a kan tebur ta tura shi gaban matar, ta ce: "'Yar'uwata, ni ba zan ce komai ba, duba da idonki." Layi biyu, alamar ciki ya shiga. Macen da ta yi shekaru tana ganin layi ɗaya kowane wata, aka ce mata duba da idonki. A wurin mijin ya tura rubu'in, ko zama bai yi ba.

Ga yadda layin ya fito. Tsinken gwajin ciki sinadari ɗaya yake nema a fitsari, hCG, wanda jiki ke samarwa in ciki ya shiga. Wannan sinadarin kuwa ana sayar da shi a matsayin allura, kuma a dashen gaskiya ana yin ta kimanin awa 36 kafin a ciro ƙwai, don ƙwan ya nuna. Takan daɗe a jiki kwana 10, wani lokaci har sati biyu. Duk wanda aka yi wa ita, ko namiji ne, tsinke zai ba shi layi biyu. A hirarsu ta WhatsApp an ga ta kira matar ta zo a yi mata "allurar ƙarfafa mahaifa" kwana uku kafin gwajin. Shi ya sa asibitin kirki da jini yake gwadawa, kwana 10 zuwa 14 bayan dashe, a sake bayan awa 48. Sinadarin da ciki ya samar hawa yake yi, yakan kusa ninkawa. Na allura sauka yake yi. Daga nan a sati na 6 zuwa 7 a yi sikanin a ga bugun zuciya.

Mun ma tsallake wani abu. Tun kafin allurar, kafin rabin kuɗin ma, ba ta taɓa cewa a gwada mijin ba. Gwajin maniyyi shi ne mafi sauƙi a cikin duka, bayan ƙauracewa iyali na kwana 2 zuwa 7, kuma kusan rabin matsalar rashin haihuwa akwai hannun ɓangaren namiji a ciki. Ba a yi hoton hanyoyin ƙwai ba, ba a auna sinadarin AMH a jini don sanin yawan ƙwan da ya rage ba. Abin da ta kira dashe, a ɗaki aka yi shi cikin 'yan mintoci. Dashen gaskiya kuwa allurai ne kullum na kwana 8 zuwa 14, ana bibiya da sikanin, a ciro ƙwai da allura bayan an ba mace maganin barci, a haɗa da maniyyi a ɗakin gwaji, a raini ɗan tayi kwana 3 zuwa 5, sannan a mayar. Ba a ciro ƙwai ba, to me aka dasa?

Bayan layi biyun nan sai doka ta fito: kada matar ta je sikanin ko'ina, wai irin wannan cikin ɓuya yake yi, na'ura ba ta ganinsa, kuma za ta iya ɓarar da shi. Ƙarya ce, sikanin ba ya zubar da ciki. Sai kuɗin "allurar riƙe ciki" duk wata, bayan rabi da rubu'in da ta riga ta ci. Maganin da ke cikin rasit ɗin progesterone ne, wanda kan tsayar da al'ada, ya kumbura ciki, ya sa nono ciwo. Irin wannan dabarar ta "ɓoyayyen ciki" BBC ta bankaɗo ta a wani bincike a 2024.

Wata na huɗu ne ko na biyar, saƙonnin sun cakuɗe, ta ce cikin "ya koma", mafita ita ce hayar mahaifa, kuɗin kuma ninkin na farko. Ninki, a kan rabi, a kan rubu'i, a kan na wata-wata. Ta turo hoton mace mai ciki an yanke fuskar, da hoton sikanin an yanke suna da kwanan wata. Ba yarjejeniya, ba lauya, ba ganawa. Alhali a hayar mahaifa galibi ɗan tayin da aka haɗa a ɗakin gwaji ake sa wa wata, su kuwa ba a taɓa ɗaukar ƙwanta ko maniyyinsa ba. Ko dai babu jaririn sam, ko kuma ɗan wata mace daban ne za a miƙo musu, wannan kuma safarar jarirai ce, su za a fara kamawa. Ko ta gaskiyar ma doka ta bambanta: a Birtaniya wadda ta haifa ita ce uwa sai kotu ta sauya, Indiya ta hana ta kasuwanci da dokar 2021, Italiya kuma a 2024 ta mayar da zuwa ƙasar waje don hayar mahaifa ya zama laifi.

Kada kowa ya zo yana ce musu wawaye. Sun tambayi lasisi, ta nuna musu hoto a waya. Sun nemi jin ta bakin wasu da ta yi wa, ta haɗa su da murya biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar rashin haihuwa a rayuwarsa, kuma yawancinsu a ɓoye suke nema, ita da wannan ɓoyon take cin abinci. In aka tura maka layi biyu aka ce duba da idonka, wa zai tuna da allurar kwana uku baya? Tun 1978 da aka haifi jaririyar farko ta dashe, babu likitan da ya iya ba da garanti, sau da yawa ma ba ya kamawa a karon farko.

Hotunan hirar da rasit ɗin rabi da na rubu'in za mu sa su da zarar mun rufe sunaye. Kada ku biya ta asusun mutum. Ku tabbatar da lasisi a hukumar likitoci da kanku. Wanda ya hana ku sikanin a wani wuri, ku tashi. Wanda kuma aka riga aka miƙo masa jariri, ya nemi lauya da gwajin DNA yau.