Sharhi kan matatar ƙura mai jakunkuna: gwana ce, amma ba ta son laima

Masana'antar siminti, ko ta narka ƙarfe, ko ta sarrafa hatsi, idan kasuwa ta buɗe ta ƙara aiki, ƙurar bututun hayaƙi ce ke fara haɗa ta da hukumar kula da muhalli. A nan matatar ƙura mai jakunkuna, wadda ke kakkaɓe kanta da bugun iska, ta cancanci kuɗinta. In an girka ta daidai, tana tare fiye da kashi 99 cikin ɗari na ƙurar, har da mai laushin nan da ke kuɓuce wa matata mai juya iska kamar guguwa.

Fanka ke jawo iska mai ƙura cikin akwatin ƙarfe. Ƙurar ta manne a jikin dogayen jakunkunan yadi masu kejin waya a ciki, iska mai tsabta ta fice ta sama. Lokaci-lokaci bawul ya saki iskar kwamfireso mai ƙarfin matsi 5 zuwa 7 a ma'aunin bar, ƙasa da daƙiƙa guda, jaka ta kumbura, ƙurar ta zube cikin mazurari.

Wajen zaɓen yadi ake yawan tafka asara. Foliyesta na da araha, amma da zafi ya haura digiri 130 a ma'aunin Selshiyas sai ya fara lalacewa. Aramid na jure kusan 200, yadin zaren gilashi kusan 260. Girma ma haka: kowace murabba'in mita ta yadi kada ta ɗauki iskar da ta wuce kubik mita 1 zuwa 1.5 a minti. Masana'antar da ta ninka aiki ta bar matatar yadda take, jakunkunan da ya kamata su kai shekara 2 zuwa 3 ba za su kai ba.

Babban rauninta laima. Idan hayaƙi ya huce a cikin akwatin har ya yi raɓa, ko kwamfireso ya turo iska mai ruwa da mai, ƙurar takan daskare a yadi kamar yaɓen kwaɓaɓɓen siminti, bugun iska ba ya cire ta. Na'urar busar da iska da rufin da ke riƙe zafi dole ne, ko da dillali ya ce na ganin dama ne.

Agogon bambancin matsin iska tsakanin ɓangaren ƙura da na iska mai tsabta shi ke faɗin lafiyarta. Matsin 1,000 zuwa 1,500 a ma'aunin fasikal daidai ne. Ya yi ta hawa, yadi ya toshe. Ya faɗi kwatsam, jaka ta yage. Ana gano wadda ta yage da hoda mai ƙyalli da fitilar ultrabayolet.

Ƙura kawai take kamawa, iskar salfa na wucewa sai an fesa garin farar ƙasa kafin matatar. Ƙurar fulawa, katako da alminiyum kuwa na iya fashewa, don haka kada a karɓi akwatin da ba shi da ƙofar sakin ƙarfin fashewa.