Ofishin dillalin inshora da na koma a Agege

Bara wani ɗan kamasho a bakin ofishin lasin ya yanka mini takardar inshorar mota a naira 5,000. Ashe ta bogi ce, sai a hannun 'yan sanda a Oshodi na gane, na sha kunya.

Bana Alhaji maƙwabcina ya kai ni wani ƙaramin ofishi a Agege. Matar da ke wurin ta fara nuna mini lasisinsu na NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya, ta ce kuɗin inshorar "third party", wato mai biyan wanda ka yi wa ɓarna, naira 15,000 ne tun 2023, kuma asusun kamfani zan tura, ba nata ba. Kashegari na danna *565*11#, lambar motata ta fito a rajistar NIID, inda ake tantance sahihancin inshorar mota.

Aibinsu ɗaya: jira. Awa biyu na yi a kan benci, fanka ma ba ta aiki.