Ruwan Bagaja ko Shaihu Umar?

Littattafan nan biyu gasa ɗaya ce ta rubuta ƙagaggun labarai ta haife su, wadda wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya a 1933, amma ɗanɗanonsu ya sha bamban. Mai son raha yakan zaɓi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, domin ramuwar gayya tsakanin taurarin labarin, Alhaji Imam da Malam Zurƙe, ba ta barin mutum ya ajiye littafin, ko da yake labaran jere su kawai aka yi. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa babu wasa a cikinsa, labarin bauta ne da na uwar da ta ƙetare Sahara neman ɗanta. Ni dai na fi komawa gare shi, saboda zaren labarinsa bai tsinke ba har ƙarshe.