Yaya, Ga Gaskiyar Ƙananan Motocin Ingila

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaisuwa, ya jikin Inna, ya damina? Saƙonka ya iso ni kan motar da kake son saya ta zirga-zirga daga gida zuwa Babura da Kano, da batun ko in duba maka ɗaya cikin ƙananan nan da ake cewa sun yi arha a Ingila. Gara in yi maka bayani dalla-dalla, don ba kai kaɗai ke yi mini wannan tambayar ba.

Arha kam akwai ta. A nan Birmingham, da fam 1,000 zuwa 2,000 mutum zai samu ƙaramar mota ta hannu mai tashi lafiya. Waɗanda suka fi yawa a wannan farashin su ne Toyota Aygo, Peugeot 107, Citroën C1, Hyundai i10, Kia Picanto, sai Nissan Micra da Yaris. Ukun farko kusan mota ɗaya ce aka sauya wa fuska da suna. Masana'anta guda ta riƙa ƙera su a garin Kolin na ƙasar Czech tun 2005, kuma masu shan fetur ɗinsu galibi injin Toyota ne a ciki, mai silinda 3, lita 1. Shi ya sa wanda ya san takan abin yake sayen Peugeot ko Citroën ɗin, tunda sau da yawa Toyota ta ɗara su kuɗi saboda sunan da ke goshinta kawai.

Abin da ya fi burge ni, kuma nake fatan wata rana a yi shi a Najeriya, shi ne yadda tarihin mota yake a buɗe. Duk motar da ta cika shekara 3 sai an kai ta gwajin lafiya kowace shekara, wanda suke kira MOT, kuma doka ta hana a karɓi fiye da fam 54.85 a kansa. Sakamakon yana shafin gwamnati a intanet. Lambar motar kawai za ka rubuta, kyauta, ka ga mil nawa ta yi a kowace shekara, wace shekara ta faɗi gwajin, birki ne ya kayar da ita ko taya, da abin da mai gwajin ya yi kashedi a kai. Idan an mayar da mita baya, lissafin zai tona asiri. A gida sai dai a buɗe bonet a kasa kunne, kamar yadda ake buɗe bakin rago a kasuwar Maigatari a duba haƙora, sauran kuma a bar wa rantsuwar dillali.

Duk da haka sai mutum ya je da idonsa. Akwai wata 107 da na je gani, jikinta fes, mai ita ya wanke ta har tana ƙyalli. Na durƙusa na haska ƙarƙashinta da fitilar waya, na danna ƙarfen da ke ƙasan ƙofa da yatsa, sai ga tsatsa tana zubowa gari-gari. Gishirin da suke watsawa a titi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara shi ke cin motocinsu ta ƙasa. Na ɗaga shimfiɗar but, na tarar da ruwa kwance inda safaya take. Yoyon ruwan sama da saurin cinyewar kuloci sanannun cututtukan wannan samfurin ne.

Ni i10 na ɗauka a ƙarshe. Ta ɗan fi su shan mai, amma tana da kujerar mutum 5, gilashin baya yana sauka, kuma ƙofofinta ba su da wannan ƙarar gwangwani. Su ukun can mutum 4 suke ɗauka, gilashinsu na baya ɗan turawa kawai ake yi ya buɗe kaɗan, but ɗin kuwa lita 139 ne, ko buhun gero ɗaya sai da dabara.

To amma kuɗin saye shi ne mafi sauƙi a lissafin nan. Inshora ce ke karya baƙo. Kai naira 15,000 kake biya a shekara ta mafi ƙaranci, ni kuwa shekarata ta farko abin da aka yanka mini ya kusa kuɗin motar kanta, saboda ba su da tarihin tuƙina. Lasisin Najeriya wata 12 kaɗai yake aiki, daga nan sai ka zauna jarrabawarsu. An raba motoci rukuni 50 na inshora, kuma ƙananan nan suna can ƙasa, abin da ke jawo ɗalibai da sababbin zuwa gare su ke nan. Harajin hanyar wasunsu fam 20 ne a shekara. Sannan ga kuɗin hayaƙi: tsohuwar motar da ba ta cika ƙa'ida ba tana biyan fam 8 a rana in ta shiga tsakiyar Birmingham, a Landan fam 12.50. Bakanike kuma da awa yake caji. Gyaran kuloci ɗaya kan sa mutum ya haƙura ya sayar wa masu fasa motoci, alhali injin garau yake. Wallahi raina yana ɓaci in na ga irin motocin da ake niƙewa a nan, waɗanda bakaniken garinmu zai tayar da su kafin la'asar.

Batun in aiko maka kuwa, Yaya, a ajiye shi. Sitiyarin Ingila a dama yake, mu kuma tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama na titi da sitiyari a hagu, kuma hukuma ba ta yarda da shigo da masu sitiyarin dama ba. Juya sitiyari a gareji kasada ce da rai, ba zan so ka ɗauki Inna a irin wannan motar ba. In ka haɗa kuɗin jirgin ruwa da na kwastan, arhar ta gudu.

Ko da mai sitiyarin hagu ka samu daga Beljiyam ko Jamus, ka tuna don wane titi aka yi su. An ƙera su ne don kwalta mai santsi da wurin fakin ƙarami. Taya inci 14 ce siririya, cikinsu kusa da ƙasa, ga rairayin hanyarmu da kwatamin da ruwa ke haƙawa duk damina. Da yawa daga cikin masu arhar ma ba su da na'urar sanyaya ciki, don masu su ba su san zafin watan Afrilu na Jigawa ba. Na san tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ƙaramin inji yake nema, kuma da gaskiyarku. Amma man da ka rage zai tafi a shokazoba da salansa in motar ba ta dace da hanya ba.

Shawarata, ka fara da kasuwar kayan gyaran mota ta Kofar Ruwa a Kano kafin ka je wurin dillalai. Ka tambayi masu kayan gyara wace ƙaramar mota ce kayanta ke jibge a shago, wacce kuma sai an yi odarsu daga Legas. Golf 3 ta tsufa, amma ba a banza direbobin haya suka riƙe ta ba. Cikin ƙananan, ni Yaris zan sa a gaba, don ta fi Aygo ƙwari da faɗi, sai Picanto ko i10 in ka tabbatar akwai kayansu. C1 da 107 ka bar su sai in bakanikenka ya ce ya san su.

Zan turo abin da ya sauwaƙa ƙarshen wata in sha Allahu. Ranar da za ka je gani ka tafi da bakanike naka, ba na dillali ba, ku je da sassafe kafin a ɗumama injin, a hau da ita rami a duba ƙarƙashi, kuma kada ka ba da ko sisi sai lambar jikin motar ta yi daidai da ta takardar kwastan. Ka turo mini hoton lambar tukuna in bincika ta daga nan.