Kafin ka sayi katako da ƙarfe: zaɓin kayan haɗa jitar bas ta lantarki

Wanda ya ƙudurta mallakar jitar bas ta lantarki ƙirar hannu, wato jita mai fitar da sauti mai kauri na ƙasa, yana da hanyoyi uku a gabansa. Yana iya sayen kwalin kayan haɗawa, wanda a cikinsa an riga an yanka gangar jikin, an sassaƙa wuyan, an kuma zuba ƙarafa da wayoyi, abin da ya rage masa shi ne goga da fenti da ɗauri. Yana iya sayen sassan ɗaya bayan ɗaya daga kamfanoni irin su Warmoth da Allparts na Amurka, waɗanda ke sayar da wuya da gangar jiki bisa awon kamfanin jita na Fender. Yana kuma iya farawa daga ɗanyen katako, ya yi komai da hannunsa ko tare da kafinta. A ganina, kowace hanya mutum ya bi, ya kamata ya kashe kuɗinsa mafi tsoka a kan abin da ba ya gyaruwa daga baya, ya yi tsimi a kan abin da ake iya kwancewa a sauya cikin awa guda. Abin da ba ya gyaruwa kuwa shi ne wuya.

Dalilin haka a fili yake. Tsirkiyoyi huɗu na bas, masu kaurin da aka fi amfani da shi, wato daga .045 zuwa .105 na inci, suna jan wuyan da ƙarfin da ya kai kilo 70 zuwa 80, dare da rana, ko ana kiɗa ko an jingine jitar a bango. Abin da ke hana katakon lanƙwasa shi ne sandar ƙarfe da aka binne a cikinsa, wadda ake murɗawa don a miƙar da shi. Akwai sanda mai aiki ta fuska ɗaya, wadda ke iya mayar da wuyan baya kawai, akwai kuma mai aiki ta fuska biyu, kuma ita ce ta fi dacewa da wanda ke zaune a inda yanayi ke juyawa sosai tsakanin damina da rani. Bayan wannan akwai siraran ƙarafan da ke kwance a kan wuyan, wato firet, waɗanda wurin zamansu lissafi ne tsantsa: ana raba tsawon tsirkiya da 17.817 a sami wurin na farko, a sake raba abin da ya rage da wannan adadi a sami na biyu, haka har ƙarshe. A kan tsawon milimita 864, na farko yana faɗawa a kusan milimita 48.5, na 12 kuma a daidai milimita 432. Kuskuren milimita ɗaya a can kusa da gangar jiki, inda ƙarafan suka matsu, ya isa ya sa sautin ya karkace ta yadda babu murɗin da zai daidaita shi. Saboda haka shawarata ga mai aikin farko ita ce ya sayi wuya gamamme daga hannun da aka sani, ya bar sassaƙar wuya sai jita ta biyu. Kwalayen haɗawa masu araha sun fi yin ha'inci a nan, domin sau da yawa ƙarafan ba su daidaita a tsayi ba, bakinsu kuma yana yankar hannu, sai an sake goge su da zarto. Araha ba ta ado, musamman a wannan sashe.

Kafin a biya kuɗin wuya dole ne a yanke shawara kan tsawonsa. Inci 34 shi ne awon da Leo Fender ya zaɓa wa Precision Bass a 1951, kuma har yau shi ne awon da aka fi samun tsirkiyarsa a kowane shago. Gajeren awo na inci 30, irin na Fender Mustang ta 1966, ya fi sauƙi ga mai gajerun yatsu, sautinsa kuma ya fi taushi da kauri, amma samun tsirkiyarsa yana da wuya a kasuwannin da ba su da yawan masu saye. Mai son tsirkiya biyar, wanda ke neman sautin B na can ƙasa, wato kusan hatiz 31 (kaɗawa 31 a daƙiƙa) maimakon hatiz 41 na E, tsirkiyar da ta fi kauri a bas mai huɗu, zai ga wasu maƙera sun ƙara tsawon zuwa inci 35 don kada tsirkiyar ta yi sako-sako. Ga jita ta farko dai tsirkiya huɗu a kan inci 34 ta fi kwanciyar hankali. Sai kuma faɗin wuyan daga sama: ƙirar Jazz Bass, wadda ta fito a 1960, siririya ce, kusan milimita 38, ita kuwa Precision tana tsakanin 41 da 44. Wannan ba abin da ake zaɓa daga hoto ba ne, gara mutum ya je wurin wani makaɗi ya riƙe kowace a hannunsa na 'yan mintoci.

Yadda ake haɗa wuya da gangar jiki iri uku ne, amma biyu daga ciki ba na sabon shiga ba ne. Wuyan da ake mannewa da gam, da wanda ke ratsa jitar tun daga kai har gindi irin na Rickenbacker 4001, gyaransu yana da matuƙar wahala in kusurwar ta kauce. Wanda ake ɗaurewa da ƙusoshi huɗu masu murɗi kuwa ana iya kwance shi, a saka masa 'yar takarda ko siririn katako a ƙasa a gyara kusurwa, ko a sauya shi ɗungum. Ramin da wuyan ke zama a ƙirar Fender mai tsirkiya huɗu faɗinsa inci biyu da rabi ne, zurfinsa kuma kusan milimita 16. Wanda zai yanka gangar jiki da kansa kada ya ƙwaƙule wannan rami sai wuyan ya iso hannunsa ya auna shi, domin ko kamfanonin da ke cewa suna bin awo ɗaya sukan ɗan saɓa.

Gangar jiki ita ce inda hannun mutum zai iya aiki ba tare da fargaba ba, kuma a nan ne ake yawan ɓarnatar da kuɗi kan gardamar da ba ta ƙarewa, wai wane katako ya fi daɗin sauti. A jita ta lantarki tasirin katakon jiki a kan sauti ƙanƙani ne idan aka gwama da na tsirkiya da maɗaukin sauti da hannun makaɗi. Abin da ya kamata a duba shi ne nauyi da bushewa. Bas ɗin da ta haura kilo huɗu da rabi tana gajiyar da kafaɗa in aka yi awa biyu a tsaye, wadda kuma jikinta ya cika rashin nauyi sai kanta ya riƙa rinjaya ƙasa, hannun hagu ya koma tallafe ta maimakon kiɗa. Fender ta saba da alda da ash, itatuwan Amurka ta Arewa, amma mazaunin Afirka ta Yamma ba ya bukatar ya yi odarsu, tunda maƙeran Turai da Amurka su kansu daga nan suke sayen wasu katakansu. Afara, wadda ake samu a kasuwannin katako na Najeriya, ita ce kamfanin Gibson ya yi jitocinsa Flying V da Explorer da ita a 1958 da sunan korina. Mahogani na Afirka, dangin maɗaci, ana yin jiki da wuya da shi, sai dai maɗacin da ke fitowa a Arewa ya fi 'yan'uwansa na kurmi nauyi, don haka a ɗora allon a kan sikeli kafin a biya. Obece ba shi da nauyi ko kaɗan, amma yana da taushi, yana lotsewa da ɗan bugu, ƙusa kuma ba ta kama shi da kyau. Wenge na Afirka ta Tsakiya, wanda kamfanin Warwick na Jamus ya shahara da yin wuya da shi, yana da tauri ƙwarai, amma sartsensa mugu ne, ƙurarsa kuma tana damun ƙirji.

Maganar bushewa ta fi duk wannan muhimmanci. Maƙeran kayan kiɗa suna neman katakon da danshin cikinsa bai wuce kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari ba, alhali yawancin abin da ake sayarwa a kasuwar 'yan katako an yanko shi ne don rufin ɗaki da ƙofofi, bai jima da barin daji ba. Idan aka yi jita da irinsa a watan Agusta a Kano ko Zinder, lokacin da laimar iska ke haura kashi 70, to da hunturu ya kama, laimar ta faɗo ƙasa da kashi 20, katakon zai tsuke, mahaɗar gam ta buɗe, ramin wuya ya yi yawa. Ko wuyan da aka sayo daga waje ba ya tsira: allon samansa yana tsukewa, ƙarafan kuwa ba sa tsukewa, sai bakinsu ya leƙo gefe yana kartar tafin hannu. Maganinsa shi ne a sayi katakon tun da wuri, a jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, a bar shi ya sha hunturu ɗaya aƙalla, sannan a goge bakin ƙarafan wuya a tsakiyar rani, lokacin da suka fi fitowa. Ƙaramar na'urar auna danshin katako ba ta kai kuɗin tsirkiya saiti biyu ba a mafi yawan kasuwanni, kuma ta cancanci saye.

Mai yin oda daga waje ya san cewa wasu katakan suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda ke tsara cinikin itatuwa da namun dajin da ke fuskantar ƙarewa tsakanin ƙasashe. Tun Janairun 2017 aka sa dangin roswud cikin jerin da ke bukatar takardar izini, a ƙarshen 2019 aka sassauta wa kayan kiɗa gamammu da sassansu, amma ɗanyen allo yana nan cikin dokar, haka ma maɗobiya. A taron CITES na Panama a 2022 an ƙara dangin maɗaci na Afirka. Wuyan mapul zalla, wanda har allon samansa mapul ne, yana raba mutum da wannan ciwon kai gaba ɗaya.

Maɗaukin sauti, wato maganaɗisun da aka naɗe da siririyar waya a ƙarƙashin tsirkiya, shi ne abin da talla ta fi zuzutawa, kuma shi ne mafi sauƙin sauyawa. Ƙirar Precision mai rabi biyu, wadda ta fito a 1957, tana kashe gurnanin lantarki da kanta, sautinta kuma cikakke ne mai zama daidai a cikin taron kayan kiɗa. Ƙirar Jazz mai guda biyu ta fi ba da launukan sauti, amma tana gurnani idan aka buɗe ɗaya aka rufe ɗaya, abin da ke ƙaruwa a wurin da ake kiɗa da janareta ko a ginin da wayarsa ba ta da ta ƙasa. Akwai kuma tsarin da ke aiki da batir mai bolt 9, wanda Music Man StingRay ta yaɗa daga 1976. Yana da ƙarfi da kaifi, amma yana bukatar ƙarin rami a jiki, kuma ranar da batir ya mutu a tsakiyar wasa jitar ta yi shiru ke nan. Ga aikin farko na fi karkata ga Precision guda ɗaya da mamurɗi biyu, na ƙarar sauti da na launinsa, masu lamba 250k, a shimfiɗa siririn jan ƙarfe a cikin ramin wayoyin, a kuma tabbatar an ja waya daga can zuwa ƙarƙashin jakin da tsirkiyoyi ke hawa. Shi jakin ba ya bukatar tsada, na lanƙwasasshen ƙarfe irin na Fender ya wadatar. Kunnuwan murɗa tsirkiya ne suka cancanci kuɗi, kuma marasa nauyi irin na Hipshot ko Gotoh suna rage rinjayar kai.

Fenti shi ne matakin da ya fi cin lokaci, kuma a nan ne jitar hannu ke tona asirin mai ita. Fentin naitiro, wanda Fender ta yi amfani da shi a shekarun 1950, har da launukan fentin mota na DuPont, yana da kyan gani, kuma gyaransa da sauƙi saboda kowane sabon shafi yana narkewa cikin na ƙasansa. Amma yana kama wuta da sauri, tururinsa guba ne, yana bukatar makonni uku zuwa huɗu ya bushe kafin a goge shi ya yi ƙyalli, roba tana cin sa in aka jingine jitar a kanta, sauyin zafi da sanyi kuma yana tsattsaga shi. Fentin mota na zamani mai haɗi biyu ya fi shi tauri nesa ba kusa ba, yana bushewa cikin kwana ɗaya ko biyu, gumi ba ya taɓa shi, sai dai sinadarin da ke daskarar da shi yana lahanta huhu, ƙyallen rufe hanci na yau da kullum kuma ba ya tare shi. Wanda ke son launi mai sheƙi gara ya gama gugarsa ya kai wa mai fentin mota da ke da kwamfuresa da rufaffen ɗaki, ya roƙe shi ya rufe ramin wuya da ramukan ƙusa da tef, domin kaurin fenti a cikin ramin ya isa ya hana wuyan shiga.

Hanyar fenti ta uku ita ce mai, kamar Tru-Oil ko man tung, kuma ita nake ba wanda zai yi aikin a tsakar gida shawarar ya bi. Ana shafawa da tsumma, siriri ƙwarai, a share abin da ya yi saura, a bar shi ya kwana, a ɗan goge da samfefa mai laushi, a sake, har shafi takwas ko goma. Ƙurar hunturu da ta sauka a kai ba ta zama bala'i, tunda guga ta gaba za ta ɗauke ta, wuyan da aka yi wa mai kuma ba ya danƙo a hannu mai gumi. Aibinsa shi ne ba ya ɓoye komai: duk kartar da samfefa ta bari a gicciye za ta fito sarai da zarar man ya taɓa ta, shi ya sa ake bin lambobin samfefa a jere, 120, sannan 220, sannan 320, ana bin tsawon zanen katakon, ana kuma shafa masa jiƙaƙƙen tsumma tsakanin na biyu da na uku don gashin katakon ya tashi a aske shi. Mahogani da afara da ash suna da 'yan ramuka a fatarsu, waɗanda sai an cike su kafin kowane irin fenti in ana son santsi kamar gilashi. Tsumman da ya sha irin wannan mai kuma kada a dunƙule shi a jefa a kwando, domin yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa. A shanya shi a buɗe a ƙasa ko a tsoma shi a ruwa.

Duk fentin da aka zaɓa, kada a buɗe gwangwaninsa sai an haɗa jitar tsirara, an ɗaura wuya da jaki da tsirkiyoyi, an duba cewa tsirkiya ta farko da ta huɗu suna tafiya daidai da gefen wuyan, an kuma yi kiɗa da ita na 'yan kwanaki. Ramin da aka huda a karkace ana toshe shi da tsinken katako da gam a sake hudawa cikin mintoci kaɗan in katakon tsirara yake, amma a kan fentin da ya riga ya bushe gyaran yana nufin a kankare a koma farko.