MEGA 11 da bishiyar dangin kaguwa, abin da na gani

Ƴan'uwa ƴan biyoloji na nan Maradi masu tambayata a WhatsApp wace manhaja na yi aikin memuwar da ita, to MEGA 11 ce, manhajar da ke kwatanta jerin DNA ta zana bishiyar dangantakar halittu, kuma kyauta take, ko dala ba a biya, forfe kawai za ka sa ka sauke ta. Tun 1993 su Sudhir Kumar da Tamura da Nei suka fito da ta farko.

Aikina kan kaguwa ne. Na ɗebo jerin DNA na mitokondiriya (ɓangaren ƙwayar halitta mai samar da ƙarfi, yana da nashi DNA) daga GenBank, rumbun jerin DNA na intanet, galibi ƙwayoyin gado biyu, COI da 16S, don shi mitokondiriyan kaguwa gajere ne, harufa dubu 15 zuwa 16 ne da ƙwayoyin gado 37, shi ya sa ko tsohuwar ordinatar tawa ta iya ɗauka. Ka zuba su, MUSCLE, wani kayan aiki a cikin manhajar, ta jera ma su, sai dai ka tabbata ka zaɓi lambar gado ta mitokondiriyan halittu marasa ƙashin baya kafin ka taɓa COI, in ba haka ba fassarar DNA zuwa furotin za ta fito a birkice.

Wallahi inda na ji daɗi shi ne da bishiyar ta fito. Katuwar kaguwar nan ta tekun Alaska, Paralithodes, da ido za ka rantse uwa ɗaya uba ɗaya suke da sauran kaguwa, amma sai ga ta can ta maƙale da Pagurus, ƴar ƙaramar nan mai shiga kwanson dodon koɗi ta ɓoye bayanta, su kuma kaguwar asali, Brachyura, har da namu na ruwan daɗi irin Sudanonautes, suna reshensu daban. Ba ni na gano ba fa, masu bincike su Cunningham sun buga wannan tun 1992 a mujallar Nature da 16S ɗin nan, kuma masana na cewa siffar kaguwa ta ɓullo aƙalla sau biyar a zuriya daban-daban. Amma ka gani da idonka a allonka, wannan daban ne.

Cikin hanyoyin gina bishiyar, Neighbor-Joining nan take take gamawa. Maximum Likelihood da bootstrap 1000 (maimaita lissafin sau dubu don a auna ƙarfin kowane reshe) kuwa sai haƙuri, ka kunna bayan isha'i ka kwanta, kuma ka roƙi Allah kar kuran ya tafi da dare don batirina ya riga ya mutu, ƙanena ma har dariya yake mani wai ina gadin kaguwa.

Abu guda kuma, da COI kaɗai rassan can gindi lambobinsu na bootstrap ƙanana suke fitowa, ƙasa da 50 cikin 100 wani wuri, wannan ba laifin manhaja ba ne, ƙwayar gado ɗaya ba ta isa tsohon tarihi haka. Malam ya ce in haɗa duka ƙwayoyin gado 13 na mitokondiriya masu yin furotin. Komai na cikin manhajar da Ingilishi yake, mu da muka yi lakwal da Faransanci sai da ƙamus kusa. Mai so ya kawo kile ranar Asabar in zuba mishi har da fayilolin.